Yadda Na Malalo Teku a Falon Amarya

Ba za ni taɓa mancewa da ranar buɗar kan Saratu ba, ko da tsufa ya kai ni inda za ni riƙa rikita sunayen jikokina. Amma kafin in fara, bari in gaya maka wani abu don kada ka raina ni tun daga bakin ƙofa: ni ba ƙaramin mai aikin famfo ba ne. Na haura shekara talatin a wannan sana'a. Daga cikin garin Sabon Birni zuwa Unguwar Lalle, har ka gangara Bafarawa, in ka ga tanki a saman gida yana zaune daram babu ɗigo ko ɗaya, tambaya ka ji wa ya ɗora shi. Ba yabon kai nake yi ba (to, yabon kai ne, amma ai gaskiya ce).

Saratu ɗiyar yayata ce, Yaya Luba. Kusan a hannuna ta tashi, ni na fara kai ta makaranta a bayan babur tana kuka tana cizon bayana. Ta girma ta je jami'a ta karanci kiwon kifi. I, akwai wannan karatun, ni ma da na fara ji sai da na yi dariya har da riƙe ciki. Daga nan ta yi shekara huɗu tana aiki a Legas. Da aurenta ya tashi da wani ma'aikacin asibiti ɗan garin Isa, Nasiru, sai ta dawo gida da kayan da ba a taɓa ganin amarya ta zo da su ba a ƙasar Gobir: kifin teku masu launi guda bakwai, da murjani mai rai.

Murjanin nan dai da mata ke ɗaurawa a wuya. Ashe halittar Allah ce mai rai, tana ci, tana girma, tana mutuwa, kuma ba ta zama sai a ruwan gishiri irin na teku. A cikinsu akwai wani shuɗi mai rassa da Saratu ta fi ƙauna. Ta ce tun yana kamar kan ɗan yatsa ta same shi, shekara huɗu tana reno har ya kai faɗin tafin hannu. Sau biyu na kama ta tana yi masa magana. Wata biyu halittun nan sunka yi a ɗakin Yaya Luba cikin robobi, sola na juya musu ruwa, ita kuwa yayata kullum tana mita wai ɗiyarta ta fi kula da duwatsu a kan lefenta.

To ga inda gizo ke saƙar. Ka san al'adarmu, amarya ba ta taka gidan miji kafin a kai ta. Gwaggwanni da ƙannen uwa ke zuwa su yi jere, su kafa gado, su shirya kwanuka. Sai dai babu gwaggon da ta iya haɗa tankin gilashi mai tsawon kamu uku. Saboda haka kwana huɗu kafin biki Saratu ta aika aka kira ni, ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo fura, ta buɗe wata takarda da ta zana da biro kala biyu.

Tsarin ba wani abin wahala ba ne. Tanki biyu ne. Babba na gilashi a sama, inda kifi da murjani ke zama. Ƙarami a ƙarƙashinsa, ɓoye cikin kabad, inda ake tace ruwan. Ruwa kan cika na sama ya tsallake wani ɗan shinge a kusurwa, ya bi fayif ya gangara na ƙasa da kansa. A na ƙasan kuma akwai ɗan injin da ke sake tura shi sama ta wani fayif ɗin. Haka zai yi ta zagaye dare da rana. Kallo ɗaya na yi wa zanen na ce a raina, wannan ai tankin sama da rijiya ne anka sa wa kwalliya.

"Kawu," in ji ta, "ga abin da nike roƙo. Ka ga jan layin ga da na ja jikin tankin ƙasa? Don Allah kada ruwa shi wuce shi, ko da ka ga kamar rabi ne. Sannan fayif ɗin da ka maida ruwa sama, bakinshi shi tsaya kusa da saman ruwa. Kuma ka huda shi, 'yar huda guda kamar ƙwayar dawa, ƙasa kaɗan da saman ruwan. Dalili kuwa, in wuta ta..."

Na ɗaga mata hannu.

"Saratu, ranar da anka haife ki ina saman tankin masallaci anka zo anka gaya mini. Ke kin san kifi, ni na san ruwa. Sha kuruminki."

Ta yi murmushi irin na yaran da aka yi wa tarbiyya, ta sunkuyar da kai. Ta nuna mini duro biyu na ruwan gishirin da ta haɗa da awo, daidai cikin tankunan, da wasu jarka biyu a gefe. Waɗannan biyun, in ji ta, na ko-ta-kwana ne, a ajiye su bayan kabad kada a taɓa. Har na kai zaure ta biyo ni da gudu babu takalmi.

"Kawu, in ka gama, ka kashe wuta ka tsaya minti biyar kana kallo. Shi ke nan, wallahi ba ni ƙara komi."

Na ce to. A hanya ina bisa babur ina ce wa kaina, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. (Ban tsaya na tambayi kaina ko a kan maganar teku wane ne babban ba, ni da iyakar ruwan da na taɓa shiga gulbin Bunsuru ne da rani.)

Ana jibi biki na isa Isa da sassafe, da kayan aikina, motar kaya na biye da ni da duro da kuloli da ta lulluɓe kifin a ciki. Kuma ina so ka ji wannan da kyau, don shi ne abin da nake riƙewa in kare kaina har gobe: aikin ya yi kyau. Kowace gaɓa na goge ta, na shafa gam, na murɗa na riƙe har ta kama. Fayif ɗin gangara na ba shi faɗi yadda ruwa ba zai shaƙe ba. Na ɗaure komai da bango tsaf. Na zuba ruwa, na jera duwatsu da murjanin yadda ta zana, shuɗin nan a can ƙololuwa don ta ce ya fi son haske. Da na kunna inji na kunna fitila, matan da ke jere sai da sunka watsar da kwanukansu sunka taru a bayana.

"Ikon Allah! Wai murjani na motsi?"

"Kai, wanga ɗan kifi kamar an yi mai lalle!"

Kaina ya yi girman tulu. Sai wata gwaggo daga dangin uban Saratu, irin tsofaffin nan da ba sa ganin abu su bar shi, ta leƙa cikin kabad ta ga tankin ƙasa a rabi. Ta taɓe baki.

"Halan ruwan ne bai isa ba? Ɗakin amarya da randa rabi?"

Maganar nan ta soke ni. Mu nan, inda mace ke tashi da asuba ta bi layin burtsatse, randa rabi a ɗakin amarya alamar tsiya ce. Ni kaina tun da na fara sana'a ban taɓa sauka daga aiki na bar tanki bai cika ya tumbatsa ba, ai shi ne shaidar ka iya. Na dubi jan layin Saratu, na dubi bakin gwaggo. Na ɗauko jarka biyun nan na ko-ta-kwana na juye su duka, har ruwa ya zo daidai leɓen tankin. Gwaggo ta ce yauwa, yanzu ta ga aiki.

Bayan an watse na lura fayif ɗin da ke maido ruwa yana wata 'yar ƙara, ɓul-ɓul-ɓul, yana fesa gishiri a jikin gilashi. Aikina ba ya surutu. Na ƙara masa gwiwa ɗaya da guntun fayif, na nutsa bakinsa kusan kamu guda cikin ruwa. Shiru kake ji. Saura huda. Na ɗauko injin huji, har na ɗora bakinsa a kan fayif ɗin, sai hannuna ya ƙi. Ni da nake ci da iyalina da toshe huda, ni za ni huda sabon fayif da gangan? In wani ɗan sana'a ya zo ya gani ya ce wa ya yi wannan ɓarna? Na mayar da injin cikin jaka.

Kashe wuta kuwa, ba ƙi na yi ba. Solar da za ta riƙe tankin ba a riga an ɗora ta a rufi ba sai bayan biki, gidan duka yana kan wani tsohon janareta na haya da ke riƙe da firjin kayan sha. Mai shi ya ce in an kashe shi sai an yi da gaske yake tashi. La'asar kuma ta gabato, ka san hanyarmu ba a bin ta da yamma. Na rufe kabad na datse da kwaɗo don yara, na jefa makulli a aljihu, na hau babur.

Ina isa gida wayata ta yi ƙara.

"Kawu, sannu da aiki. Ka huda?"

"An gama komi," na ce.

(Ka lura, ban ce na huda ba. Irin wannan wayon na manya shi ake kira ƙarya mai rawani.)

Aka ɗaura aure, aka kai amarya. Ta shiga gidan a lulluɓe, ƙawaye kewaye da ita, ta hangi tankinta ta ƙasan mayafi yana haske, kifi na yawo, hankalinta ya kwanta. Ko da ta so leƙa kabad, makulli na aljihuna a Sabon Birni.

Washegari bayan azahar aka yi buɗar kai. Mata sun cika falo maƙil, dangin ango da na amarya, sun zazzauna a kan sabuwar darduma ja mai laushi da Yaya Luba ta sa aka sayo mata daga Maraɗi. Amarya na tsakiya a lulluɓe da farin mayafi, kai a ƙasa, ba magana ba motsi, yadda aka san amarya a gaban surukai. Uwar ango, Hajiya Kulu, na zaune a kujera kusa da ita, mace ce mai kwarjini da ba ta yawan magana. Mu maza muna waje ƙarƙashin rumfa, gaban kowa da farantin shinkafa. Ni kuwa ina cikin sabuwar babbar riga ruwan ƙasa, na samu masu saurare, ina ba da darasi.

"Teku sukutum na ɗauko na sa a falo," nake ce musu. "Ruwa na hawa na sauka da kanshi. In ɗigo guda ya taɓa ƙasa, ku ce ba ni na haifu ga ubana ba."

Ina cikin haka na ji janareta ya yi tari ya mutu. Ban ko ɗaga kai ba, na ci gaba da yagar naman kaza. Ashe Hajiya Kulu ce ta sa aka kashe shi, don yana dab da tagar falo, ƙararsa ta hana a ji malamar da za ta yi wa amarya addu'a.

Abin da ya faru a ciki Yaya Luba ce ta ba ni labari daga baya, tana yi tana hararata. Malama ta ɗaga hannu, kowa ya ɗaga, an runtse ido. Malamar kuwa irin masu doguwar addu'ar nan ce da sai sun bi annabawa ɗaya bayan ɗaya. Matan da ke kusa da kabad sunka fara jin sanyi a ƙarƙashinsu. Ba wadda ta yi magana, ana addu'a. Kowacce ta buɗe ido ɗaya ta harari jaririn da ke cinyar maƙwabciyarta. Sanyin ya wuce layi na farko ya shiga na biyu, inda babu jariri ko ɗaya. Ana ta amin, amin, ana gyara zama. Sai da wata ta dafa darduma ta ji hannunta ya nutse, sannan ta manta da malama ta ƙwala ihu.

Mu dai daga waje salati muka ji da kururuwa, sai ga mata na fitowa da zannuwa a jiƙe sharkaf daga baya, kowacce na riƙe da jaka da takalmi a sama. Wata ta tsaya a bakin ƙofa tana ƙwala kira.

"Ina mai famfo? Ina kawun amarya? Shi zo da makulli!"

Duk rumfar nan ta juyo ta dube ni, ƙashin kaza a bakina.

Na shiga. Kai, jama'a! Namiji ɗaya tilo a cikin mata sun fi hamsin. Takuna na biyu a kan tayil santsi ya kwashe ni, na zauna daɓas a cikin ruwa da babbar rigata, hulata ta yi nata wuri. Wata yarinya ta fashe da dariya aka buge mata baki. Na rarrafa na buɗe kabad, ruwa na kwararowa ta leɓen tankin ƙasa ta ko'ina. Na ɗaga kai na ga tankin sama yana raguwa a kan idona, murjanin da ke ƙololuwa sun fito fili, shuɗin nan yana tsaye a iska cikin zafin azahar yana zubar da wani yauƙi.

Me ɗan sana'a zai yi? Na shiga laluben yoyo. Na shafa wannan gaɓa, a bushe. Na shafa waccan, a bushe. Na zaro tef daga aljihu (i, har a biki ina yawo da tef) na rasa inda za ni naɗa shi. Wallahi aikina bai yoyo ko'ina. Ruwan ta cikin fayif ɗin da ya kamata ya hau yake saukowa, salin-alin, kamar yadda 'yan bumburutu ke zuƙo fetur da tiyo. Da inji ya tsaya, bakin fayif ɗin da na nutsa ya koma yana shanye tankin sama yana juye wa na ƙasa, na ƙasan kuwa na riga na cika shi har wuya. Wannan duk daga baya na gane. A lokacin dai ina durƙushe, tef a hannu, ina faɗin, "Ku kwantar da hankalinku, ƙaramin abu ne."

Sai wata murya ta fito daga ƙarƙashin farin mayafi, a hankali, amma falon duka ya ji.

"Kawu. Ka huda fayif ɗin?"

Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na gode mata. Na sunkuyar da kai ina jujjuya tef a hannu.

Saratu ta miƙe. Amaryar da ko tari bai kamata ta yi a gaban uwar miji ba, ta yaye mayafinta da hannunta tun ba a buɗe mata kai ba, ta tattare leshinta, ta taka ruwa ta zo. Ta tura hannunta mai ƙunshi har gwiwa cikin tankin, ta murɗe guntun fayif ɗin da na ƙara, ta ɗago bakin ya sha iska. Ya yi wani ƙugi, ruwa ya tsaya cak. Abin da ya gagare ni da shekaruna talatin a sana'a, ko ƙiftawar ido uku bai ɗauke ta ba. Ta kwashe murjanin saman ta mayar da su ƙasa cikin ruwa, ta ce kada a tada janareta sai an ɗaga soket daga ƙasan kabad. Sannan ta leƙa bayan kabad ɗin.

"Ina jarka biyun?"

Na nuna darduma.

Ta dubi dardumar. Idonta dai ya kawo ruwa, ta haɗiye. Ni kuma don in nuna ina da amfani, sai bakina ya sake jawo mini.

"In gishiri ne, akwai mai kantun gishirin Balma nan bakin kasuwa, yanzu za ni..."

"Kawu, don Allah," in ji ta. Yaya Luba kuwa cewa ta yi in rufe mata baki.

Allah ya sa tana da sauran gishirinta na musamman a cikin akwati. Ruwa mai tsabta ne babu, don na rijiya kashe kifin da murjanin zai yi. Sai Hajiya Kulu, wadda tun da aka fara ba ta motsa daga kujerarta ba, ta ce a kwaso buhunan fiya wata na biki, waɗanda ba a sa a firji ba. Ita ta fara ɗaukar leda ɗaya ta fasa da haƙori ta juye a baho. Ganin haka duk matan sunka zauna, da jiƙaƙƙun zannuwansu, ana fasawa ana juyewa, amarya na awon gishiri tana motsawa. Ni aka ba ni aikin da ya dace da ni, kwashe ledoji.

Da aka tada inji ruwa ya koma zagayensa, aka fitar da darduma mutum shida na ɗauke da ita tana zuba, sai kallo ya koma kan Saratu. Kowa ya tuna cewa amarya na tsaye kai a buɗe, hannu a jiƙe, a gaban surukai. Hajiya Kulu ta dube ta, ta dube ni.

"Wai mi yak kawo wanga abu?"

Kafin in haɗa kalma biyu Saratu ta durƙusa har ƙasa.

"Hajiya, ku yi haƙuri, laihina ne. Zanen da na ba Kawu ban yi shi daidai ba."

Ka ji fa. Yarinya a ranarta ta farko a gidan miji, ranar da kowace mace ke so a ce an yi dace, ta ɗauki sunan mai sakaci ta aza wa kanta a gaban dangin miji kaf, don kada a ce kawunta ya yi abin kunya. Ni kuma, ƙato da gemu, me na yi? Na gyara hula na ce, "Ba komi, kuskure ai na kowa ne." Wallahi haka na ce. Faɗuwar da na yi a tayil ba ta kai wannan ba, kuma duk lokacin da na tuna sai na ji zufa ta keto mini.

Kifin duka sun rayu, da yawancin murjanin. Shuɗin nan ne bai kai ba. Kwana biyu ya koma fari fat, ya zama dutse. Nasiru ne ya gaya mini a waya, ya ce Saratu ta cire shi da kanta ta naɗe a tsumma, ta shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba. Ya ƙara da cewa wasu daga danginsu sun fara 'yan maganganu, wai boko ta yi yawa, amaryar da ta buɗe kanta da kanta ta kuma jiƙa baƙi.

Kwana uku ina fama da kaina. Matata ta gaji ta ce, "Malam, girman kai dai rawanin tsiya ne. Ka je ka faɗi gaskiya ko ma samu barci a gidan ga." Rana ta huɗu na hau babur sai Isa. Ban nufi ɗakin amarya ba, sashen Hajiya Kulu na yi sallama. Na same ta a tsakar gida tana tsinar wake, da wasu 'yan'uwanta mata biyu. Na so a ce ita kaɗai ce, amma na ce haka Allah ya so. Na cire takalmi na durƙusa.

Na faɗi komai. Jan layi, jarka biyu, huda, kashe wuta, har da amsar da na ba Saratu a waya. Na ce zanen yarinyar nan babu kuskure ko na ɗigon biro, ni ne na ga na fi ƙarfin a koya mini. Na ce in akwai wanda za a yi wa magana a garin nan, ga ni.

Hajiya ba ta daina tsinar wakenta ba har na gama. Sannan ta ɗago.

"Malam, ai mun sani."

Na ce, "Na'am?"

"Duk muna wurin ta tambaye ka ko ka huda, kac ce uffan? Mu tsohi ne, ba kurame ba." Ta watsar da tsakuwa gefe. "Ni tun sa'adda tad durƙusa na san ɗana ya yi dacen mata. Wadda ta rufa ma kawunta asiri gaban mutane, ta rufa ma mijinta. Masu magana kuwa ka bar ni da su. Kai dai muke jira mu ga kwana nawa za ka yi. Ni na ce bakwai, wagga ta ce ba ka zuwa sam."

Wadda ta ce ba ni zuwa ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "To, ka ba ni kunya, ka zo."

Daga nan na wuce wurin Saratu. Na shirya dogon jawabi a hanya, amma da ta fito ta durƙusa ta ce, "Kawu, sannu da zuwa, ka sha hanya," sai jawabin ya gudu. Abin da na iya cewa kawai shi ne, "Ɗiyata, na kashe miki abinki. Ki yafe mini." Ta yi kuka, ni ma na ce ƙura ce ta shiga idona. Ranar na sake aikin daga farko, tana tsaye a kaina tana faɗa ina cewa to, kuma kowane abu sai da na tambayi dalilinsa.

Abin da na koya, in ƙarami ya ɗauke maka laifi a bainar jama'a, kada ka ɗauka an rufe idon jama'ar. Kowa ya gani, kai kaɗai ne ke yawo kana zaton kana da sutura. Sana'ata dai ba ta mutu ba, har yanzu ni ne na ɗaya a yankin nan, kowa ya sani. Illa dai in an kira ni aiki a Isa, ina yin sallama a zaure sai in ji matar gida daga ciki tana cewa, "Ga kawun Saratu nan, ku naɗe darduma."